Mene ne bitamin, kuma me ya sa guda 13 ne kacal?

Bitamin wani sinadari ne da ke cikin abinci, wanda jikin mutum yake buƙatar ɗan kaɗan ƙwarai daga cikinsa, amma ba ya iya ƙera shi da kansa yadda zai wadatar. Idan aka daɗe ba a same shi ba, wata cuta sananniya takan bayyana, idan aka mayar da shi kuma ta tafi. Da wannan ma'ana likitoci da masana abinci suke aiki, kuma abubuwan da aka yi ittifaƙi sun cika ta ga ɗan Adam guda 13 ne.

Na ga dacewar in warware wannan magana ne saboda yadda ake wasa da kalmar a nan Kurmi. Daga mai tallar magani a cikin bas a Legas, zuwa kemis ɗin unguwa a Sabo ta Badun ko Ama Hausa ta Owerri, komai bitamin ne. Maganin ƙarin jini bitamin, maganin cin abinci bitamin, maganin ƙiba bitamin, har man shafawa. Mutum ya wuni yana dako ko kabu-kabu, ya ɗauki kuɗin cefane ya sayi kwalba don an ce masa bitamin ce, alhali abin da ke cikinta ko kusa bai shiga lissafin ba.

Sharuɗɗan da ake dubawa

Na farko, dole abin ya kasance irin wanda mai rai ke ƙerawa, ko tsiro ko dabba ko ƙananan halittun da ido ba ya gani, wato akwai kabon a ginin sa. Wannan sharaɗi shi ya fitar da sinadarin ƙarfe, da kalsiyam, da zinki, da aidin. Su ma'adinai ne, daga ƙasa suke. Hanya mai sauƙi ta gane bambancin ita ce wuta: ku ƙona ganyen alayyafo ya zama toka, ƙarfe da kalsiyam ɗinsa suna nan a cikin tokar, bitamin kuwa ya tafi. Saboda haka aidin da ake sa wa gishiri don kare mutane daga maƙoƙo ba bitamin ba ne, haka jar ƙwayar ƙarfe da ake ba masu ciki a wurin awo. Wannan bai rage musu daraja ba, gidansu ne daban.

Na biyu shi ne ƙanƙantar abin da ake buƙata. Furotin da mai da sitaci da giram ake auna su, kuma su ne ke ba jiki ƙarfi da ƙiba. Bitamin da miligiram ake auna shi, wani ma da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ɗauki B12: babban mutum yana buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana. Na lissafa na shekara 70, ya kama miligiram 61 da 'yan kai, nauyin ƙwayar shinkafa biyu zuwa uku ke nan a tsawon rayuwa. Amma rashin wannan ɗan abu yana kawo ƙarancin jini, da mutuwar tafin ƙafa, da mantuwa, har ya lalata jijiya ta yadda ba za ta dawo daidai ba. Shi bitamin ba ya ba da ƙarfi da kansa kamar yadda tuwo ke bayarwa. Aikinsa taimaka wa jiki ya sarrafa abin da aka ci, kamar fulogi a injin babur: ba shi ne mai ba, amma in babu shi man ba zai kama ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi a ganina, shi ne jiki ya gaza ƙera abin da kansa. A nan ne za a gane cewa bitamin suna ne na dangantaka tsakanin sinadari da wanda ke ci. Akuya da saniya da kare duk suna ƙera bitamin C a cikin hantarsu, don haka a wurinsu ba bitamin ba ne sam. Mutum da yawancin birai da ɓeran Masar da jemagu da dama ba sa iyawa, dole sai sun ci. Sa'a ce ta sa wasu likitoci biyu na ƙasar Norway, Holst da Frølich, suka yi gwajinsu da ɓeran Masar a 1907, suka ga ya kamu da cutar zubar jinin dasashi irin ta mutane. Da ɓeran gida suka ɗauka, da ba su ga komai ba.

Na huɗu kuma, dole a nuna cutar da rashinsa ke kawowa. Rashin A yana kawo dundumi da bushewar ido har makanta. Rashin C, dasashi ya kumbura ya riƙa zubar da jini, ciwo ya ƙi warkewa. Rashin K, jini ya ƙi tsayawa. In mai talla ya kasa faɗa muku cutar da rashin “bitamin” ɗinsa ke haifarwa, to akwai magana.

Inda sunan ya samo asali

An san cututtukan tun kafin a san sinadaran. A 1747 wani likitan jiragen ruwan Birtaniya, James Lind, ya ware matuƙa 12 masu ciwon dasashi, ya raba su biyu-biyu, kowane rukuni da maganinsa. Waɗanda ya ba lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya a rana su suka miƙe cikin kwana shida. Duk da haka sai 1795 rundunar ruwan ta fara raba ruwan lemo a hukumance.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na kajin tsibirin Jawa, a ƙasar Indonesiya ta yau. Wajen 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, yana binciken cutar beriberi, mai kashe ƙafafu da kumbura zuciya. Sai kajin da ke wurin bincikensa suka kamu da irin wannan ciwo, can kuma suka warke ba tare da an yi musu magani ba. Da ya bi sawu, sai ya tarar da farar shinkafar da ta rage a asibitin soja ake ba su, har aka kawo sabon kuku wanda ya ce ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba, aka mayar da su kan shinkafa mai dusa. Eijkman ya ɗauka guba ce a cikin farar shinkafa, dusar kuma makarinta. Wanda ya gaje shi, Gerrit Grijns, shi ya ce a 1901 babu wata guba, wani abu ne da jiki ke buƙata ake cirewa tare da dusar.

A 1912 Casimir Funk, ɗan ƙasar Folan da ke aiki a Landan, ya raɗa sunan. Ya haɗa kalmar Latin mai nufin rai da sunan wani rukunin sinadarai da ake kira amin, domin ya zaci dukkansu 'yan wannan rukuni ne. Daga baya aka ga yawancinsu ba haka suke ba, sai a 1920 Jack Drummond ya ba da shawarar a yanke harafin ƙarshe na kalmar a ci gaba da amfani da ita. Sunan ya zauna, ko da yake dalilin raɗa shi ya rushe. Eijkman da Frederick Hopkins na Ingila suka raba kyautar Nobel ta 1929 a kan wannan fage.

Su wane ne 13 ɗin

An kasa su gida biyu. Huɗu suna narkewa a cikin mai: A, D, E da K. Waɗannan jiki yana ajiye su a hanta da kitse, kuma sai da ɗan mai a abinci hanji yake tsotse su da kyau. Tara suna narkewa a ruwa: C da 'yan gidan B su takwas, wato B1 tayamin, B2 ribofilabin, B3 nayasin, B5 fantotenik asid, B6 firidoksin, B7 bayotin, B9 folet da B12 kobalamin. Su yawanci rarar tana fita a fitsari. Ruwan ɗorawar nan mai haske da ake gani a fitsari bayan an sha ƙwayar bi-komfiles, B2 ne ke fita, ba alamar magani yana “wanke ciki” ba ce. B12 ya fita daban a cikinsu, hanta tana iya ajiye na shekaru.

Kowane harafi kuma dangi ne, ba mutum ɗaya ba. E kaɗai iri takwas ne, kuma manja na cikin abincin da ya fi wadata da wasu daga cikinsu. D akwai D2 da D3, K akwai K1 na ganye da K2. A yana zuwa ta hanya biyu: wanda ya riga ya kammala, a hanta da ƙwai da man shanu, da kuma launin ja da ruwan lemo na manja, karas, mangwaro, gwanda, kabewa da koren ganye, wanda jiki ke juyawa ya zama A. A nan zan ɗan ja hankalin matanmu da suka koyi girkin Yarbawa. Soya manja har ya yi hayaƙi ya washe, irin na miyar shinkafar ofada, yana da daɗi ba ƙarya, amma jan da ya tafi shi ne bitamin ɗin.

Me ya sa B ya yi 'ya'ya da yawa? A 1913 Elmer McCollum da Marguerite Davis a Amurka suka gano abin da ke cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai mai sa ɓeraye girma. Daga baya aka kira shi A mai narkewa a mai, na dusar shinkafa kuma B mai narkewa a ruwa, ana zaton abu ɗaya ne. Da aka ci gaba da tacewa sai aka ga B ɗin tarin abubuwa ne da ba su da dangantaka a gini, illa dai ana samun su wuri ɗaya, kamar hanta da yis da dusa. Sai aka bi su da lamba. Na ƙarshe da aka tace shi ne B12, a 1948, kuma tun daga lokacin ba a ƙara ko ɗaya a jerin ba.

B1 yana da labari a nan ƙasar Yarbawa. A yankin Ilesha an daɗe ana ganin wata cuta a lokacin damina, mutum ya ci abinci sai jiki ya kama karkarwa, tafiya ta gagara. A shekarun 1990 wani likitan jijiya, Bola Adamolekun, ya danganta ta da cin wata tsutsa mai suna Anaphe venata da ake gasawa a sayar a kasuwa a daidai wannan lokaci. Tsutsar tana ɗauke da wani abu mai farfasa B1, sai ta ƙarasa ɗan abin da ya rage a jikin wanda dama abincinsa rogo ne zalla. Dangin wannan tsutsa ne ke saƙa zaren da Yarbawa ke kira sanyan, mu kuma muke kira tsamiya. Ita kuwa shinkafar gida da ake turarawa kafin a casa ta fi riƙe B1 ɗinta, domin turarin yana tura shi daga dusa zuwa cikin ƙwaya.

Waɗanda suka tanƙwara ƙa'ida

Ko a cikin 13 ɗin akwai waɗanda in aka tsananta ba za su tsallake ba. Babbansu D. Fatar mutum tana ƙera shi idan rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su ƙarasa shi, sannan ya yi aiki kamar sinadaran saƙo da jiki ke fitarwa da kansa. Ya shiga jerin ne a 1922, lokacin da biranen Turai da Amurka suka cika da yara masu lanƙwasassun ƙafafu saboda hayaƙin masana'antu da duhun lunguna, man hantar kifi kuma yana warkar da su. Ga wanda ke wuni a rana a Mile 12 ko kara, D kusan ba bitamin ba ne. Ga matar da ke wuni a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai duhu, da jaririnta, bitamin ne sosai, kuma baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana kafin ta ƙera daidai da na fara. Sai dai kada a ga yaro da gwame a ruga a ce rashin D ne. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa a yaran Najeriya ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili, waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba D kaɗai warkewa.

Nayasin ma jiki yana iya ƙera shi daga wani ɓangare na furotin, kimanin miligiram 60 ya ba da 1. Shi ya sa cutar rashinsa, mai ƙona fata inda rana ke bugu, da zawo da ruɗewa, take kama waɗanda abincinsu masara ce kawai babu nama, babu wake, babu nono. K kuma ƙwayoyin halittar da ke hanjinmu suna samar da wani kaso. Jariri sabon haihuwa bai tara su ba tukuna, nonon uwa kuma ba shi da K da yawa, shi ne dalilin allurar da ake yi masa ranar haihuwa. Wannan allura tana da muhimmanci musamman a gidan da za a yi wa jariri kaciya ko wani abu mai fitar da jini a makon suna. In a gida aka haihu, a kai shi a yi masa.

Akwai kuma kolin, wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Hanta tana ƙera shi amma ba ya isa, kuma a 1998 hukumar da ke tsara ma'aunin abinci a Amurka ta sa shi cikin abubuwan da dole a ci. Wasu littattafai suna lissafa shi tare da 'yan gidan B, shi ya sa wani lokaci za ku ga an rubuta 14. Akasarin masana sun bar shi a waje, ganin ana buƙatarsa da ɗaruruwan miligiram kuma yana shiga ginin jiki kai tsaye. Ni dai ban ga abin jayayya a nan ba, ƙwai ɗaya ya ƙunshi kaso mai kyau ko da wane suna aka kira shi.

Haruffan da suka ɓace

Mai lura zai tambaya: daga E sai K, ina F, G, H, I da J? Ina B4, B8, B10, B11? An taɓa raba yawancin waɗannan sunaye, daga baya aka karɓe. F wasu nau'o'in mai ne da jiki ke buƙata da giram, sai aka mayar da su gidan mai. G shi ne ya zama B2, H ya zama B7. Wasu kuma an gano jiki yana ƙera su isassu, kamar adenin da aka taɓa kira B4. P, wanda Albert Szent-Györgyi mai kyautar Nobel ta 1937 a kan bitamin C ya kawo, an kasa nuna cutar rashinsa, aka sauke shi. Shi K bai bi layi ba ne don Henrik Dam na Denmak ya ɗauko harafin daga kalmar daskarewar jini a harshensu da Jamusanci.

Waɗannan kurakuran bincike ne na gaskiya. Na B17 daban ne, kuma shi ne wanda nake so kowa ya riƙe. Saƙo yana yawo a WhatsApp cewa wai kansa ba cuta ba ce, rashin bitamin B17 ne, a ci ƙwallon wasu 'ya'yan itace ko ɗanyen rogo. Babu bitamin mai wannan suna. Wani Ba'amurke, Ernst Krebs ƙarami, shi ya laƙaba wa sinadarin amigdalin wannan suna, ana sayar da shi a matsayin abinci ba magani ba. Babu wata cutar rashinsa. Abin da yake yi a ciki shi ne sakin sayanaid, irin gubar da ake jiƙa rogo mai ɗaci kwana da kwanaki, a matse, a soya don a kore ta kafin ya zama gari. An gwada shi a kan masu kansa 178 a Amurka ƙarƙashin jagorancin asibitin Mayo, aka buga sakamakon a 1982: bai warkar ba, bai tsayar da ciwon ba, wasu ma sun nuna alamun guba. Mai ciwon nono da ta bar asibiti ta koma wannan, lokacinta take ƙonawa.

Haka magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Sau da yawa abin da ke ciki maganin kumburi ne mai ƙarfi irin deksametason, ko maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci, a ɗan barbaɗa bitamin a kai don a samu abin rubutawa a kwali. Na farkon yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini. Gulutatayon na masu neman hasken fata shi ma ba ya cikin 13, jiki yana ƙera nasa.

Ko na gaskiyar ma yana da iyaka

Tunda A da D suna taruwa a jiki, yawansu guba ne. A mai yawa yana iya nakasa ɗan da ke ciki, don haka mai juna biyu kada ta sha ƙwayar A mai ƙarfi sai da izinin likita. Ƙwayar da ake diga wa yara a makon lafiyar mata da ƙananan yara, shuɗiya mai awo 100,000 ta 'yan wata 6 zuwa 11 ce, ja mai 200,000 ta 'yan wata 12 zuwa 59, kuma tsakanin ɗaya da ɗaya watanni ne. A bari a ba su, tana rage mutuwar yara, tana kuma kare idon mai ƙyanda. Amma ba alewa ba ce da za a karɓa a unguwa biyu a mako guda. B6 ma, duk da yana narkewa a ruwa, in aka daɗe ana shan mai yawa yana lalata jijiyar hannu da ƙafa, ko da yake shi ne ake haɗa wa mai shan maganin tarin fuka don kare wannan jijiyar. Awo ne ya raba.

Wanda na fi ganin ana sakaci da shi shi ne folik asid, maikirogiram 400 a rana. Kashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna rufewa cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba. Wadda ta jira sai ciki ya fito kafin ta je awo ta samu amfaninsa ga jini, amma wancan ya wuce ta. Amarya da duk mai shirin haihuwa ya kamata ta fara tun kafin ciki, kuma yana cikin mafi arahar abin da ke kan kantar kemis.

Tun 2002 doka ta wajabta a Najeriya a sa bitamin A a fulawa da sukari da man girki na kamfani, kuma akwai tambarin ido a jikin buhu ko galan da ke nuna haka. Man da ake aunawa a kwalba a bar shi a rana ba wanda zai ba ku tabbacinsa, ga shi haske yana lalata A. A ƙarshen 2011 kuma aka fitar da irin rogo mai launin ɗorawa wanda cibiyar IITA ta Badun da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike suka samar, mai ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama A. Garinsa ja ne tun daga gona. Jan garin da aka saba gani a kasuwannin Inugu da Anaca da Fatakwal kuwa manja aka sa masa wajen suya, shi ma yana da rabonsa na A, abin da farin gari ba shi da shi ko kaɗan.